Shiga Google kyauta ne, abin da ake sayarwa daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai albarka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato batun biyan kuɗi wai don a saka shafin mutum na intanet a cikin injin bincike. Ni aikina kenan, haɗawa mutane shafi da kula musu dashi, kuma kusan duk wanda na gama ma aiki tambayarsa ta farko itace toh nawa ne kuɗin rijistar Google, wasu ma kafin su tambaya sun riga sun turawa wani kuɗin. Toh bari in faɗa tun daga farko da babbar murya, babu wani kuɗin rijista. Google baya karɓar ko sisi don ya saka shafinka cikin sakamakon bincikensa, Bing ma haka, duk wanda yace ka bashi kuɗi zai biya maka kuɗin shiga wallahi aljihunsa kawai yake cikawa.

Yadda suke kama mutane ma abun takaici ne. Kana sayen adireshin shafinka ba da daɗewa ba sai kaga imel ya shigo, an tsara shi tsaf kamar takardar bashi, ga sunan shafinka a sama da manyan baƙaƙe, ga ranar da wai wa'adinka zai ƙare an rubuta ta da ja, ga jan kunne cewa in baka biya ba kafin ranar masu nemanka bazasu ƙara ganinka ba, sai can ƙasa da ƙananan rubutun da sai ka matso da wayar kusa da ido zaka iya karantawa zaka ga sun rubuta cewa wannan tayi ne kawai ba dole bane. Mutum sabon shiga da ya kashe kuɗinsa ya gina shafi, tsoro ya kama shi kar wahalarsa ta tafi a banza, me kake tsammanin zaiyi? Biya zaiyi mana. Wasu kuma cewa suke zasu tura shafinka zuwa injinan bincike ɗari-ɗari, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da duniya keyi a Google ake yinsa, ragowar kuma Bing da Yandex da Baidu da 'yan kaɗan suka raba, toh ina sauran ɗaruruwan suke, waye yake shiga cikinsu?

Ainihin yadda abun yake aiki ba wani sirri bane. Injin bincike yana da manhaja da take yawo dare da rana tana bin linki daga wannan shafi zuwa wancan, duk inda ta faɗa sai ta karanta ta kwafi bayanin ta ajiye a rumbunsu, kaga ko baka gaya musu komai ba in dai akwai wani shafi da suka sani da ya saka linkinka wata rana zasu iso gareka. In kuma kanaso ka gaggauta sai ka buɗe Google Search Console, ka rubuta adireshinka, zasu baka wani ɗan layin rubutu ka liƙa a shafin ko a wajen da ka sayi adireshin don su tabbatar naka ne, ka danna tabbatarwa, sannan ka basu taswirar shafin wato ɗan fayil ɗin da ya jera duk shafukan da ke ciki, shikenan ka gama. Akwai ma akwati a sama da zaka saka adireshin shafi guda ɗaya ya gaya maka ko yana cikin rumbun ko baya ciki, in baya ciki ka danna ka roƙi a zo a duba. Bing nada irin nasa mai suna Bing Webmaster Tools, mai kasuwancin da yake so ya fito a taswira kuma akwai Google Business Profile, duk kyauta. Abu ɗaya ne basu yi alkawari ba, basu ce dole su ɗauki kowane shafi ba kuma basu ce zaka fito a sama ba, wani lokaci kwanaki ne wani lokaci makonni, kuma wanda ka biya ɗin shima wannan hanyar dai zai bi, bashi da wata ƙofar baya.

Amma fa in za'a yi adalci wannan tunanin na biyan kuɗin shiga ba daga sama ya faɗo ba, akwai lokacin da gaskiya ne ana biya, shiyasa har yau ƙaryar take shiga kunne. A 1994 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka fara jera shafukan intanet rukuni-rukuni da hannu, abun da ya zama Yahoo kenan. A wancan zamanin mutum ne yake zama ya duba shafinka da idonsa ya yanke hukuncin ko ya cancanta da kuma rukunin da za'a sashi, kuma in baka cikin wannan kundin kusan kamar babu kai ne. Da shafuka suka yi musu yawa sai suka fito da layin gaggawa na kuɗi, aka fara da dala 199, daga baya ya koma dala 299 kuma duk shekara sai ka sabunta. Abun da yafi bani mamaki a tsarin shine kuɗin ba na shiga bane, na dubawa ne, sunce zasu duba cikin kwanakin aiki 7, in sun ga bai yi musu ba su ƙi ka kuma kuɗinka bazai dawo ba. Duk da haka mutane sunyi ta biya, saboda ƙofar kenan.

A gefe guda kuma ga wani kundin mai suna DMOZ da aka fara a 1998, wanda daga baya ya koma hannun kamfanin Netscape sannan AOL, shi kyauta ne gaba ɗaya, 'yan sa kai ne suke duba shafuka, har Google ya daɗe yana amfani da bayanansu a nashi kundin. Nasan da yawa zasu ce toh ai ga mafita nan, amma duk wanda yayi zamani dashi yasan wahalar da ke ciki, ka tura shafinka ka zauna jiran tsammani wata da watanni wani ma shekaru, babu wanda zai ce maka an ƙi ka ko an karɓa, wani rukunin ma babu edita ko ɗaya a kansa, ga kuma zarge-zargen da aka yi ta yi cewa wasu editocin suna fifita shafukansu ko suna danne na abokan hamayyarsu. Hausawa sunce banza bata kai zomo kasuwa, duba dubban shafuka aiki ne mai cin lokaci kuma dole wani ya ɗauki nauyinsa, in ba'a biya da kuɗi ba za'a biya da jira. Shiyasa ni bana cikin masu cewa duk abun da aka sa ma kuɗi a intanet zalunci ne. Dukkansu biyun dai sun tafi, Yahoo ya rufe kundinsa a ƙarshen 2014, DMOZ ya bi bayansa a watan Maris na 2017, manhajar da take karanta biliyoyin shafuka ita ta kashe musu kasuwa, mai kuɗin da na kyautan duka.

Toh in shiga kyauta ne me ake sayarwa, har Google ya samu kusan dala biliyan 175 daga tallan bincike da makamantansa a 2023 kaɗai? Wuri ake sayarwa, saman shafi. Wani mai suna Bill Gross ne ya fito da dabarar a 1998 da injinsa GoTo, yace kowace kalma da mutane ke nema a yi gwanjonta, wanda ya fi taya kuɗi shine a sama, kuma bazaka biya ba sai an danna. Mutane sun zage shi sosai a lokacin, amma akwai abun da yayi da har yau nake jinjina masa, a gefen kowane sakamako yana rubuta nawa mai tallan zai biya in ka danna, kowa na gani ƙuru-ƙuru, babu rufa-rufa. Kamfanin ya canza suna zuwa Overture, Yahoo ya saye shi a 2003 akan dala biliyan 1.6 da ɗoriya. Google ya fara nashi tsarin talla mai suna AdWords a shekarar 2000, daga baya shima ya koma tsarin gwanjo da biya in an danna, sai dai ya ƙara da duba ingancin tallan ba yawan kuɗi kaɗai ba. Kuma abun lura, su kansu Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, a takardar da suka rubuta a 1998 suna ɗalibai sun faɗa da bakinsu cewa injin binciken da talla ke ciyar dashi dole zai karkata wajen masu talla ya bar buƙatar masu nema. Sun san haɗarin tun kafin su shiga.

Anan ne nake so masu karatu su tsaya su fahimce ni da kyau, don nan ne zuciyar maganar. Talla ba laifi bace. Kai kanka Malam Edita jaridarka tana ɗaukar talla kuma da ita ake biyan ma'aikata, amma kana ware ta a cikin akwatinta a rubuta talla ce, mai karatu yasan wannan kuɗi aka biya wancan kuma wakilinku ne ya je ya gano. Ranar da aka karɓi kuɗin mutum aka buga maganarsa a matsayin labari ba tare da an faɗa ba, ranar an ci amanar mai karatu. Toh irin wannan cin amanar an yi ta a injinan bincike shekara da shekaru. Kamfanoni irinsu Inktomi sun riƙa karɓar kuɗi don su tabbatar shafinka ya shiga rumbunsu kuma ana yawan zuwa duba shi, sannan a cakuɗa shi cikin sakamakon da mai nema ke ɗauka na tsakani da Allah ne, babu wata alama a jikinsa. Sunce wai kuɗin baya ɗaga matsayi, shiga kawai yake bayarwa, amma kowa ya ci ladan kuturu ai dole yayi masa aski, kuma ko da gaskiya suka faɗa wanda aka shigar yau aka kuma sabunta bayaninsa kullum ya riga ya tsere ma wanda ke layi. Yahoo da ya sayi Inktomi bai daina wannan tsarin ba sai ƙarshen 2009. Tun a 2002 hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta rubuta ma kamfanonin bincike cewa su bayyana a fili wane sakamako ne aka biya, sannan a 2013 ta sake rubuta musu saboda ta lura alamun da ke raba talla da sakamako sai ƙara dushewa suke.

Kuma gaskiya hukumar ta faɗa, duk wanda ya daɗe yana amfani da Google shaida ne. Da can talla tana cikin akwati mai launi daban, daga nesa ma ka ganta ka gane, a hankali launin yayi ta kodewa har ya ɓace, aka koma ɗan tambari ƙarami, yau kuma kalma ce da baƙin rubutu a saman sakamakon da in baka lura ba zaka wuce ta. Ka ɗauki wayarka yanzu ka nemi wani abu da ake sayarwa, inshora ko masauki ko tikitin jirgi, ka duba fuskar wayar kafin ka ja ta sama, sau da yawa duk abun da idonka zai gani na kuɗi ne, har talla huɗu suna iya jeruwa kafin ka iso sakamakon farko da ba'a biya ba, launinsu ɗaya, girman rubutunsu ɗaya. Yatsa kuma na farko yake dannawa, musamman dattijo ko wanda bai daɗe da fara riƙe waya ba, shi a ganinsa wanda ke sama shine yafi kowa inganci tunda injin ne ya zaɓo shi.

Kar wani yace ai ƙaramin abu ne. A ƙasar Sin wani ɗalibin jami'a mai suna Wei Zexi, ɗan shekara 21, yana fama da wani nau'in ciwon daji da ba'a cika samu ba, ya shiga Baidu neman magani, ya ga wani asibiti a Beijing a sahun farko bai san cewa kuɗi ne ya kai shi wurin ba, iyayensa suka tattara abun da suke dashi har da bashi, kusan yuwan 200,000 na kuɗin Sin, aka yi masa wani magani da ba'a tabbatar da amfaninsa ba. Kafin ya rasu a watan Afrilu na 2016 ya rubuta abun da ya same shi, ƙasar ta ɗauki zafi, hukumomi suka tilasta ma Baidu ya rage talla kar ta wuce kashi 30 cikin 100 na shafi, ya saka mata alama bayyananniya, kuma ya daina jera sakamako bisa yawan kuɗi kawai. Duk lokacin da na tuna yaron nan sai jikina yayi sanyi, saboda abun da yayi shine abun da kowannenmu keyi in ciwo ya kama wani nasa, ya ɗauki waya ya tambaya. Ko a ƙarshen 2022 sai da hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa 'yan damfara suna sayen talla a injinan bincike da sunan manyan kamfanoni, ka nemi bankinka ko wata manhaja sai nasu na bogi ya fito a saman na gaskiyan.

Shi kanshi Google da yake tutiya da cewa baya sayar da shiga, a wasiƙar da masu shi suka rubuta ma masu zuba jari a 2004 sunce basa karɓar kuɗi don sakamako ko don shigarwa, amma a 2012 suka mayar da sashen kayan sayarwa wato Google Shopping na kuɗi zalla, in baka biya ba kayanka bazai fito a wurin ba, sai a 2020 suka dawo da jerin kyauta. A tsakanin nan ma Tarayyar Turai ta ci su tarar yuro biliyan 2.42 a 2017 akan fifita wannan sashen nasu sama da na abokan gasa. Abun nufi dai alkawarin kamfani yana iya canzawa, sai da ido a kansu.

Sai kuma 'yan kundin zamani da har yanzu ke cewa ka biya mu saka ka a jerinmu matsayinka zai tashi a Google. Mafi yawansu babu ɗan adam ɗin da ke shiga neman komai, linki kawai suke sayarwa, kuma sayen linki don ɗaga matsayi ya saɓa dokar Google ƙarara, in an biya kuɗi akan linki dole a saka masa alamar da ke nuna hakan don kar a lissafa shi. Tun sabuntawar da Google ya yi ma injinsa a 2012 mai suna Penguin shafuka da yawa suka rufto saboda irin wannan, kafin nan ma a 2011 babban kantin nan na Amurka J.C. Penney ya faɗo daga saman sakamako na tsawon watanni bayan jaridar New York Times ta bankaɗo dubban linkin da aka dasa masa, kamfanin yace bai san anyi ba ya kori waɗanda ya ba aikin. In mai wannan ƙarfin ya sha haka ina ga ƙaramin shafi. Ban ce kowane kundi na banza bane, akwai na ƙungiyoyin sana'a da na masana'antu da mutane ke shiga da gaske suna neman mai aiki, wannan in ka biya kasan me ka saya. Tambaya ɗaya nake ce ma mutane suyi kafin su biya, su waye ke shiga wurin nan, kuma ta yaya zan ga adadin waɗanda suka zo min daga can?

Talla ta gaskiya kuwa tana da ranarta. Sabon shafi da ba wanda ya sani, ko mai kayan da lokaci ke ƙure ma, yana iya sayen talla ya sa iyakar abun da zai kashe a rana ya ga ko tana dawo da kuɗinta, amma ya sani ranar da ya daina biya ranar zai ɓace daga wurin, kuma ko nawa ya kashe bazata ɗaga shi ko taki ɗaya ba a sakamakon kyauta. Wani lokacin ma sayen abun da kake dashi ne, kamfanin eBay ya gwada dakatar da talla akan sunansa wajen 2012 sai ya tarar kusan duk mutanen sun ci gaba da zuwa ta linkin kyauta da ke ƙasa. Wanda nake tausayawa shine mai shafin da ba na kasuwa ba, malamin da ke rubuta darasi don Allah, ko likitan da ke wayar da kai akan cuta, ko ƙaramar ƙungiyar agaji, su basu da kuɗin gwanjo, sakamakon kyautan nan shine kaɗai hanyarsu ta isa ga jama'a, kuma duk talla ɗaya da aka ƙara a sama su ake ƙara turawa ƙasa.

Yanzu kuma ga sabon salo ya shigo, injin ya daina baka jerin shafuka kawai, amsa yake haɗa maka da kansa a sama, kuma tun 2024 Google ya fara saka talla a cikin irin waɗannan amsoshin a Amurka. A jeri aƙalla kana iya tsallake na farko ka duba na biyar, amma amsa guda ɗaya da aka baka kamar daga bakin masani, in kuɗi ya shiga cikinta ba'a ware shi a fili ba ta ina zaka gane? Wannan shi yafi tayar min da hankali a yanzu.

Roƙona gareka Malam Edita abu biyu ne. A ware fili a shafinku na kimiyya da fasaha a nuna ma jama'a da hotuna, mataki-mataki, yadda ake saka shafi a Search Console da kuma yadda ake gane talla a fuskar waya, a zagaye alamar da jan layi yadda kowa zai ganta. Sannan in masu cewa suna yi ma mutane rijistar Google sun kawo muku tallarsu, dan Allah kafin a buga a tambaye su takamaimai wane aiki suke yi da kuɗin, in gyaran shafi ne ko kula da talla su rubuta hakan, in kuma sunce kuɗin shiga ne a mayar musu da abunsu.

Na gode da filin da aka bani. Wassalam.

Naku,
Mai karatunku na kullum